Ɗan Dabon Da Ya Koma Masanin Asiri: Bin Sawun Sunaye A Katin Tarot

Masu duba da katin tarot a Turai da Amurka suna da wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Wasu na cewa ba ka isa ka shimfiɗa wa kowa kati ba sai ka haddace ma'anar katunan nan 78 ɗaya bayan ɗaya, a tsaye da a kife, ka san tauraron kowanne da lambarsa da harafin Ibrananci da aka jingina masa. Wasu kuma na ganin wannan wahalar da kai ce kawai. A wurinsu, ɗan farin littafin da ke zuwa cikin kwalin katin shara ne. Ƙura wa hoton ido, abin da ya faɗo maka a rai shi ne saƙon. Masu sasanci sai su ce a ɗebi nan a ɗebi can. Ni ban yarda takarda mai zane ta san abin da gobe za ta haifa ba, amma sunayen da ake wannan rigima da su sun ja hankalina, domin kowane ɓangare kan wata kalma ya kafa hujjarsa, kuma kalmomin ba su da tsufan da masu su ke zato.

Shi kansa sunan katin baƙo ne a jikinsa. Karta ta shiga Turai ne a wajajen 1370, daga ƙasar Masar ta zamanin Mamalik. Akwai ragowar irin wancan kati a gidan tarihin Topkapi da ke Istanbul, da danginsa huɗu: kofi, tsabar kuɗi, takobi, da sandan ƙwallon dawaki. Manyan katunan ba su da hoton mutum, sai dai a rubuta muƙaminsu: malik, da na'ibin malik, da na'ibi na biyu. Wannan na'ibin da muke kiran mataimakin liman da shi, shi ne masana suka fi kyautata zaton ya ba karta sunanta na farko a kudancin Turai. A 1377 hukumar birnin Florence ta hana wani wasa da ta kira naibbe, kuma har gobe mutanen Sifaniya naipes suke ce wa karta. Da yake Turawan lokacin ba su san ƙwallon dawaki ba, sai sandan ya koma kulki a hannunsu.

Bayan kamar shekara saba'in sai masu sarautar arewacin Italiya suka ƙara wa wannan karta wani dangi na biyar, mai hotuna zalla: Sarki, Fafaroma, Mutuwa, Rana, Wata, Adalci, da sauransu, guda 21, ga kuma Wawa wanda ba shi da lamba. Suna kiransu trionfi, wato katunan rinjaye, saboda aikinsu a wasa shi ne su cinye duk wani kati na sauran dangin. Littattafan kuɗi na fadar Ferrara sun ambace su a 1442, kuma katunan da aka yi wa gidan Visconti da Sforza na Milan, masu ruwan zinariya, suna nan har yau a gidajen tarihi. Sai a 1505 sunan tarochi ya fara bayyana a rubuce. Faransawa suka mayar da shi tarot, suna furta shi "taro", ba sa faɗin harafin ƙarshe. Inda kalmar ta samo asali kuwa, masana harshe ba su tsayar da magana ɗaya ba har yanzu. Abin da ya tabbata, kamar yadda Michael Dummett na Jami'ar Oxford ya baje hujjojinsa a littafin da ya fitar a 1980, shi ne fiye da shekara 300 wasa ake yi da katin, ana ci ana cinyewa. Har yanzu ma ana yi. Faransa na da ƙungiyar 'yan wasan tarot ta ƙasa tun 1973, kuma yawancinsu ba ruwansu da duba.

Rashin sanin asalin sunan nan shi ya buɗe ƙofa. A 1781 wani limamin kirista mai suna Antoine Court de Gébelin ya rubuta cewa ya shiga gidan wata mata a Paris ya tarar ana wasan, kallo ɗaya ya yi wa hotunan ya gane cewa littafin hikimar tsoffin Misirawa ne, na gunkinsu Thoth, wanda ya tsira daga gobara ta hanyar ɓuya cikin karta. Ya ƙara da cewa a harshen Misira tar na nufin hanya, ro kuma sarki, don haka tarot "hanyar sarauta" ce. A lokacin ba wani mahaluki a duniya da ke iya karanta rubutun Fir'auna. Sai a 1822 wani masani mai suna Champollion ya warware shi, kuma ba a sami waɗannan kalmomi da wannan ma'ana ba. Bayansa wasu suka ce daga Attaura sunan ya fito, wasu suka ce daga kalmar Latin mai nufin ƙafar keke, wasu suka jawo Larabci. Da irin wannan ma'auni, Bahaushe ma na iya tashi ya ce daga "taro" ne, tun da ai sai an taru ake yi.

A nan ne gardamar ta fara karkacewa. Ɓangaren masu littafi, in suka bi salsalarsu, ga wanda za su tarar a tushe: mutumin da ya kalli hoto sau ɗaya ya ce zuciyarsa ta ba shi. Har katin Ratayayye, wanda ke nuna mutum a rataye da ƙafa ɗaya kansa a ƙasa, Gébelin ya ce kuskuren masu bugawa ne, ya juya shi ya tsayar da shi a kan ƙafarsa ya ce hoton Tsantseni ne. Alhali a Italiya an san wannan zane sarai: haka ake zana maci amana a bangon gari don a kunyata shi, kuma akwai wuraren da sunan katin ke nan, Maci Amana. Yau in ka buɗe littattafan duba za ka ga an fassara shi da sadaukarwa, ko haƙuri, ko kallon al'amari ta wata fuska.

Wanda ya mayar da abin sana'a shi ne Jean-Baptiste Alliette, mai sayar da iri da hotuna a Paris, wanda ya juya haruffan sunansa ya koma Etteilla. Tun 1770 ya fitar da littafin duba da karta ta yau da kullum. Da ya ga kasuwar Misira ta buɗe sai ya koma kan tarot, ya ba kowane kati ma'ana biyu, ta tsaye da ta kife. Kafin shi, abin da aka samu a rubuce bai wuce wata 'yar takarda daga Bologna ta wajajen 1750 ba, mai ba wasu katuna ma'ana da kalma ɗaya ko biyu. Daga baya Éliphas Lévi, a tsakiyar shekarun 1850, ya ɗaura katuna 22 a kan haruffa 22 na Ibrananci. Wani kuma da ke kiran kansa Paul Christian ya raɗa musu arcana, wato asirai, daga nan aka sami "manyan asirai" 22 da "ƙananan asirai" 56. (Abin lura, duk su ukun da sunan aro suke rubutu. Lévi sunansa na yanka Alphonse-Louis Constant, Christian kuma Jean-Baptiste Pitois.) Katin da jiya sunansa "mai cinye wasa" ya wayi gari sunansa "babban asiri", ba tare da an ƙara masa ko ɗigon tawada ba.

Kati mai lamba ɗaya shi ya fi nuna abin da suna ke iya yi. A tsohon zanen Faransa, wanda ake kira na Marseille, za ka ga wani saurayi tsaye a bayan ɗan teburi, sanye da riga mai launi barkatai da malafa mai faɗin baki. A kan teburin akwai 'yan kofuna, da wuƙa, da jaka, da wasu ƙananan tarkace. Hannu ɗaya riƙe da ɗan tsinke a sama, ɗayan yana murza wani abu ƙarami a daidai cikinsa, idonsa kuma na kallon gefe. Sunansa Le Bateleur, Italiyawa kuma su ce Bagatto. Ɗan dabo ne na bakin kasuwa, irin mai kife kofi uku ya ce ka nuna wanda ƙwallo ke ciki, ɗan'uwan 'yan wala-wala. A wasa shi ne mafi ƙanƙanta cikin katunan rinjaye. Kowanne cikinsu na iya cinye shi. Lévi ya dubi bakin malafar nan ya ce ai siffar lamba takwas ce a kwance, alamar abin da ba shi da iyaka. A katin da aka buga a Landan a 1909 malafar ta ɓace, alamar ta koma tana shawagi a kansa, ya sha farar riga da jan mayafi, hannu ɗaya na nuna sama ɗaya na nuna ƙasa, furanni kewaye da shi. Sunansa ya zama Masanin Sihiri. To, mai duban da ke taƙama da cewa ba ya karanta littafi, in wannan kati ya fito masa ya ji "ƙarfin niyya" ko "iko" sun faɗo masa a rai, daga ina suka faɗo? Da tsohon katin ne a gabansa, da sunan ɗan dabo a ƙasansa, abin da zai faɗo masa shi ne a yi hattara da ɗan damfara. Haka aka yi wa Fafaroma, aka mayar da shi shugaban masu asiri na tsohuwar Girka, aka mayar da tsabar kuɗi hatimi mai tauraro, kulki kuma ya zama sandan tsafi.

Katin nan na 1909 shi ne wanda ya cika duniya, kuma shi ya haifi ɓangare na biyu. Arthur Edward Waite ne ya tsara shi, ɗan ƙungiyar asiri ta Golden Dawn da aka kafa a Landan a 1888, kamfanin Rider ya buga. Amma hannun da ya zana katunan 78 duka na wata mata ne, Pamela Colman Smith, wadda ta yi wani ɓangare na ƙuruciyarta a Jamaika, ta kuma yi aikin zanen dandalin wasan kwaikwayo. Shekara da shekaru ana kiran katin Rider-Waite, sunan mai bugawa da na mai tsarawa, ita kuwa sai 'yan haruffan sunanta da ta nannaɗe a kusurwar kowane kati. Ta rasu a 1951 ba ta da komai. Sai a baya-bayan nan aka fara ƙara Smith a jikin sunan.

Abin da ta yi shi ne ta ba ƙananan katuna labari. A tsohon zane, biyar ɗin kuɗi tsaba biyar ce kawai da 'yan ganyayyaki tsakaninsu. Ko ka kwana kana kallonta ba abin da za ta gaya maka, dole ka nemi littafi ko wanda ya haddace shi. A hannun Smith kuwa, katin ya zama dare mai ƙanƙara, mutum biyu cikin tsumma suna wucewa ta ƙarƙashin tagar coci mai haske, ɗaya a kan sanduna da ƙafa a ɗaure, ɗayar ta lulluɓe kanta ba takalmi. Yaro ma ya gani zai ce talauci. Amma in ka buɗe littafin da Waite da kansa ya rubuta don rakiyar katin, bayan ya ambaci ƙuncin abin duniya sai ya ƙara da cewa wasu masu duba na ɗaukarsa katin soyayya ne da jituwar masoya, ya kuma amsa cewa ba yadda za a daidaita ma'anonin biyu. Littafin ya bar ƙofa biyu a buɗe, mai zane ta zaɓi ɗaya ta rufe ɗayar. Duk wanda ya jefar da littafi ya ce zai bi abin da idonsa ya ba shi, zaɓin Pamela Smith yake bi. Ita ma ba daga sama ta ɗauko komai ba: zuciyar nan da takubba uku suka soke tana da kaka a wani katin Italiya na wajajen 1491 da ake kira Sola Busca, wanda hotunansa suka isa gidan tarihin Birtaniya a 1907.

Za a fi ganin wannan in aka dubi bugun ƙasa, wanda mu muka sani. Shi ma yana da siffofi ƙididdigaggu, guda 16, kowacce da sunanta da gidanta, yana kuma da littattafansa, irin wanda ake jingina wa wani malami mai suna Zanati. Amma siffofin ɗigo ne, ɗaya ko biyu a layi huɗu. Ɗigo ba ya kuka, ba ya tafiya cikin ƙanƙara. Shi ya sa da wuya ka ji mai bugun ƙasa na cewa a bar karatu a bi abin da zane ya raya wa zuciya. Ba abin da zanen zai raya wa wanda bai koya ba. Hukuncin abin a addini kuwa ba ɓoyayye ba ne, malaman Musulunci sun haramta duba kowane iri, cocin Katolika ma ta yi tir da shi a littafin koyarwarta.

Saura kalmar da ɓangare na biyu ke tutiya da ita. Da Turanci intuition suke cewa, daga wata kalmar Latin mai nufin ƙura ido. Matsalarta ita ce ta haɗiye abubuwa da dama da mu ba ma haɗa su. Akwai ilhami, abin da ake jin an jefo shi cikin zuciya daga wani wuri. Akwai basirar karantar mutum, ka ga yadda ya zauna, da inda muryarsa ta rawa, da tambayar da ya ƙi yi. Akwai kuma gwaninta da ta daɗe har ta daina jin kanta, irin ta bakaniken da mota na shigowa gareji zai ce a duba fulogi tun ba a buɗe bonet ba. Mai duba in ya ce yana bin intuition, na farko yake so ka ji, amma na biyu da na uku ne ke yi masa aiki. Wanda ya shekara ashirin yana jujjuya katunan nan ya riga ya haɗiye littafin, shi ya sa ba ya buɗe shi.

Sai dai gwanintar bakanike tana da abin da ta mai duba ba ta da shi: shi zai kwance injin ya ga ko ya canka ko bai canka ba, yau-yau. A 2009 Daniel Kahneman da Gary Klein, masana halayyar ɗan Adam biyu da suka daɗe suna saɓani kan ko a amince da irin wannan sani na farat ɗaya, suka fitar da maƙala tare. Inda suka haɗu shi ne ana iya dogara da shi in fagen yana da ƙa'ida mai maimaituwa, kuma mai aikin yana samun sakamakon hukuncinsa a kan kari har ya gyara. Mai duba ba kasafai yake sanin yadda ta kaya ba. Wanda maganar ta yi daidai da shi zai dawo ya kawo abokinsa, wanda ba ta yi ba ya tafi ke nan. Abin da yake samu a kan kari shi ne fuskar mai tambaya, ko ta saki ko ta ɗaure, don haka a wannan fannin ne gwanintarsa ke kaifi.

Akwai gwaji biyu da suka taɓa kowane ɓangare a inda yake ciwo. A 1948 Bertram Forer ya raba wa ɗalibansa takardu ya ce bayanin halin kowannensu ne, ya nemi su auna dacewarsa daga sifiri zuwa biyar. Matsakaicin makin ya kai kusan 4.3, alhali takarda iri ɗaya ya ba kowa, wadda ya tsinto jimlolinta daga littafin taurari na bakin titi. Jin cewa magana ta shiga zuciya, ashe, ba ya nuna daga zuciya ta fito. Shi kuma Ray Hyman, wanda ya zama farfesa a Jami'ar Oregon, da duban tafin hannu ya nemi kuɗi yana matashi, kuma ya yarda da abin. Wani ya ba shi shawarar ya gwada faɗa wa mutane kishiyar abin da littafi ya ce layukan na nufi. Ya gwada, masu zuwa suka ci gaba da cewa ya faɗi gaskiya.

Duk da haka ba zan ce masu sasanci maganar banza suke yi ba, in an ɗauki zaman a matsayin hira tsakanin mutum biyu. A ce mace ta zo da maganar aurenta, katin Mutuwa ya fito, mai lamba 13, wanda a zanen Marseille ko suna ba a rubuta masa. Littattafan yanzu za su ba mai duban kalmomi da yawa: ƙarshe, sauyi, rabuwa, sabon farawa. Wacce zai ɗauka? Ba littafin da zai gaya masa. Hannunta da ke murza bakin gyale ne zai gaya masa. Amfanin littafin shi ne ya taka masa burki, kada ya juye mata tsoronsa ko ra'ayinsa game da mazan duniya ya ce kati ne ya faɗa. Amfanin idonsa kuma kada ya karanto mata jerin kalmomi kamar mai karanta takardar magani. Marubuta irin su Eden Gray da Rachel Pollack, waɗanda littattafansu suka yi tashe daga 1960 zuwa 1980, wannan hanya suka bi, suka jawo kalmomin masanin halayyar ɗan Adam Carl Jung suka mayar da katin madubin duba kai. A hannun Gray ne jerin manyan katunan ya sami sunan "tafiyar Wawa", labarin da masu sarautar Milan ba su taɓa ji ba.

Su kansu masu sana'ar suna ta sauya wa kansu suna, kuma doka na da hannu a ciki. Wata dokar Ingila ta 1824 ta jera mai da'awar faɗin abin da zai faru cikin 'yan zaman kashe wando da 'yan damfara, da hukuncin ɗauri. Etteilla ma a zamaninsa malamin lissafi yake kiran kansa. A jihar New York har yanzu laifi ne mutum ya karɓi kuɗi yana da'awar amfani da ikon ɓoye don amsa tambaya ko ba da shawara, sai fa in a fili yake cewa nishaɗi ne. Shi ya sa kalmar "mai faɗin gaba" ta yi ƙaranci a allunan shaguna, aka koma "mai karatu" da "mai ba da shawara", a ƙasa kuma da ƙananan haruffa a rubuta cewa don nishaɗi ne kawai. "Mai karatu" ya yi wa kowa daɗi: mai littafi ya ji an yaba wa haddarsa, mai ilhami ya ce ai hoto ma karanta shi ake yi, lauya kuma ya ga ba a yi wa kowa alkawarin gobe ba.